Shekarar da Shanu Ba Su Kwana a Gonarmu Ba

Ranar wata Laraba ce, a farkon daminar shekarar da aka sami 'yancin kai, malamin gona ya iso Durba a kan kekensa, jakuna na biye da shi ɗauke da buhunan takin zamani. A ƙofar gidan dagaci aka sauke su. Malamin ya ce gwamnati ta ɗauke wa manomi kaso mai yawa na kuɗin, abin da ya rage kaɗan ne. Dattawa suka yi ta murza takin a tafin hannu, wani har da ɗanɗanawa ya tofar. Babana, wanda ba ya barin sabon abu ya wuce shi, shi ya fara saye. Na biyo jakinmu gida ina ta tsalle, kai ka ce ni aka saya wa.

Kafin wannan shekara, takin gonarmu a ƙafa yake zuwa. Da an gama girbi sai Malam Buba, wani Bafulatani, ya sauka da garkensa a gonarmu. Shanu su ci kara da harawa, su bar mana kashinsu, Baba kuma ya ba shi dammunan dawa. Ni dai ba ruwana da taki, Dije nake jira, 'yarsa, sa'ata. Da na gama surfe da ɗebo ruwa sai in zame in nufi rugarsu. Ita ta koya mini tatsa, tana yi mini dariya idan saniya ta make ni da wutsiya. Ni kuma na koya mata carafke da ɗinka wa 'yar tsana zane. Duk kaka nakan ɓoye mata gyaɗa a ƙasan tukunyar Iya, kakata, wadda ta sani sarai amma take kau da kai.

Gyaɗa ta yi kyau a daminar nan, ba ƙarya. Ganyenta kore shar, 'ya'ya kuwa har an rasa wurin shanya. Sai Baba ya ce tunda takin buhu ya yi araha haka, bana zai tara karansa da harawarsa, ya riƙe dawarsa. Da Iya ta ji, sai ta ce, “Sani, buhun nan zai ciyar da gyaɗarka, amma ranar da ka yi rashi ba zai zo maka gaisuwa ba.”

Da Malam Buba ya iso, Baba ya tare shi a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ina laɓe a bayan danga na ji Baba yana ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi maganar. Malam Buba ya ce, “Ba komai, Malam Sani, ƙasar Allah da faɗi.” Ko ruwan bai shanye ba.

Washegari da hantsi suka kora shanu suka yi wajen Rano. Na kwashi gyaɗar da na ɓoye na bi su da gudu, na cim ma Dije a bakin rafi. Na juye mata a gefen zane, ita kuma ta ciro ɗan ƙoƙon da muke shan madara da shi ta danƙa mini. Ta juya ta bi shanunsu. Na yi kuka har gida, na kuma yi fushi da Baba har na ƙi kai masa abinci.

Bayan wasu shekaru ƙasar gonar ta fara tauri, ta daina riƙe ruwa. Baba da kansa ya shiga kasuwar Rano yana cigiyar Malam Buba. Ba wanda ya san inda suka nufa.

Yanzu duk damina jikokina kan tafi Kibiya su bi layin takin gwamnati, wani lokaci a samu, wani lokaci su dawo hannu wofi. Idan kuwa suka hango shanu kusa da gona, sanda suke fara nema. Ba na ganin laifinsu, ba su taɓa shan madara a rugar da ke cikin gonar ubansu ba. Ƙoƙon yana nan rataye a ɗakina, ya tsage na ɗinke shi. Har yau ban san ko Dije tana raye ba.