Limamin Da Ya Yanke Wa Kansa Hukunci

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ummaru, limamin wani ƙaramin masallaci a Ƙofar Marke. Idan aka ambace shi a gabana, tsofaffin unguwa kan ce ya rasu cikin mutuncinsa. Ƙarya ne, masu karatu, kuma ni da na wanke wandunansa na fi kowa sani. Na yi shiru saboda manya suna da rai. Yanzu ni ce babbar, don haka zan faɗa.

Lokacin Turawa ne ke mulkin Sakkwato, kuma har a lokacin a gidajen malamai irin namu ba a son ko ambaton bariki. Na dawo gida wankan jegon ɗana na fari, Innarmu kuwa ta riga ta rasu, sai hidimar Baba ta dawo hannuna. A nan na lura idan ya ɗauki buta ya shiga bayi sai a yi ta jiran sa. Fitsari ba ya zuwa sai da nishi, idan kuma ya ɗaure wando sai ya ɗigo. Ƙugunsa ya riƙe. An sha rubutu, an jiƙa saiwoyi, wanzami ya kafa masa ƙaho har fatar bayansa ta yi baƙi. Abin da ya rage masa shi ne tsumma, yana ɗaurawa, yana sakewa kafin kowace salla, ni kuma ina wankewa ina shanyawa a bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa.

Na'ibinsa shi ne Baffa Sambo, ɗan ƙanen mahaifinsa. A gaban Baba ya koyi baƙi da wasali, a akushinsa ya ci tuwo har ya yi gemu. Shi ke tsayawa daidai bayansa a sahun gaba, don haka shi ya fara jin zarni. Da mutumin kirki ne, da ya ja shi gefe. A'a! Sai ya bari aka idar da la'asar, masallaci cike, ni kuma ina jin su ta bayan katanga don masallacin manne yake da gidanmu. Ya sassauta murya kamar ɗalibi mai ladabi, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ina da tambaya. Mutumin da hitsari ka ɗigo mishi ba shi iya riƙewa, mi a hukuncin limancinai ga masu lahiya?"

Wallahi ya san amsar, Baba ne ya karantar da shi ita. Da Baba ya so, da ya ce a bari sai lokacin karatu. Amma shi ba ya ɓoye ilimi ko da a kansa zai faɗa. Na ji muryarsa ya ce, "Salla ta yi, Sambo. Amma makaruhi na." Sai Baffa Sambo ya ce, "To, Malam, mu dai masu lahiya na."

Shi ke nan. Da magariba Baba ya ɗauki buzunsa ya shimfiɗa a sahun ƙarshe, kusa da inda ake tuɓe takalma.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Talaka ina ya san bambancin makaruhi da ɓatacciyar salla? Manoman Kwalkwalawa da ke kawo gero kasuwa su bi shi azahar suka riƙa sallama a zaurenmu, suna tambayarsa shi da kansa ko za su rama sallolin da suka yi a bayansa. Yana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ɗaga murya ba. Aka kwashe yashin da yake tsayawa a kai aka zuba sabo. Ɗalibai suka sulale zuwa zauren Baffa Sambo. Malamai suka zauna suka yi ta muhawara a kan fitsarin ubana, wannan ya kawo ƙauli, wancan ya kawo nasa, amma ba wanda ya leƙo ya ce, Malam, ina ke yi maka ciwo?

Bayan damina jini ya fara fita, daga nan kuma fitsarin ya tsaya cak. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya. Wani maƙwabcinmu, Mamman, mai aikin wanke gyambo a asibitin Turawa, ya faɗa mini cewa likitan yana da siririn bututu da yake zurawa fitsari ya fito, amma sai ya fara duba mutum da yatsa ta dubura. Na gaya wa Baba ina kallon ƙasa. Gumi yana zubo masa, ya ce, "Nana, ku kai ni."

Manyan gida suka taru a zaure, Baffa Sambo ne kan gaba. Ya ce, "Kahiri shi tuɓe ma Malam wando? Ba a gidanga ba. Wajibi na mu tsare mishi mutunci." Ku ji fa! Wanda ya tuɓe shi a gaban jama'a da tambaya guda, shi ne yau mai tsaron mutunci. Ni mace ce, mai jego, ban isa in ɗauki namiji a kan jaki in ratsa gari ba. Baba ya yi kwanaki yana cizon gefen bargo don kada a ji kukansa a masallaci. Da ya cika, Baffa Sambo ne ya sallace shi, har da hawaye. Ya yi limanci shekaru masu yawa bayan haka, ya mutu da tsufa lafiya lau, gari ya cika a jana'izarsa. Kada kowa ya ce mini duniya tana sakayya.

Sai bara na ji sunan cutar. Ƙanena Haliru ya fara daɗewa a bayi da buta, ni kuwa na san wannan daɗewar. Ban yi masa kara ba, na tasa shi gaba har asibiti yana ta gunaguni. Likitan ɗan ƙasa ne, yana salla kamar kowa. Ya duba shi ta hanyar nan da aka ƙi wa Baba, abin bai kai tsawon alwala ba. Ya ce akwai wani ƙululu a gindin mafitsarar kowane namiji, da tsufa yakan kumbura, wani lokaci kumburi ne kawai, wani lokaci sankara ce, kuma tana bin jini, ana gadonta. Na Haliru sankara ce, amma ba ta bazu ba. Aka yi masa aiki, ga shi nan yana zuwa gona. Na ba likitan labarin Baba, ya ce tunda ciwon ya kai ƙashin baya, da wuya Baturen can ya warkar da shi, amma da ya fitar masa da fitsarin ya mutu kamar mutum.

Me Baba zai ce da ya ga yau? Na tabbata da shi ne zai fara miƙewa bayan salla ya ce wa maza su je a duba su, tunda shi ya nemi a kai shi tun ana ganin abin kamar ridda. Kuma da ya sha mamaki ya ga har gobe akwai dattawa masu ɗaura tsumma suna fesa turare, matansu suna shanya a ɓoye, duk don kada wani Sambo ya ji.

To me ya rage na Malam Ummaru? Na daɗe ina cewa ilimin da ya shuka. Ni ma ina karantar da mata a gida. Kwanan baya muna kan babin abubuwan da ke warware alwala, sai wata matar aure, baƙuwa a unguwar, ta ɗaga kai tana dariya ta ce, "Inna, wagga ita ta mas'alar Liman Ɗigau ko? Maigidanmu ya ce haka malaminsu ka kiran ta." Ashe a zaurukan garin nan, duk wanda ya kai wannan babi da ubana ake buga masa misali, da sunan da aka laƙaba masa. Shekarun da ya yi yana karantarwa kyauta sun tafi, wannan ne ya zauna.

Na ba ta hukuncin kamar yadda ya bayar, salla ta yi amma makaruhi ne. Sannan na ce mata, sunansa Ummaru, kuma ni ya haifa.