Rabin Darasin Madam Selestin

Da safen nan Lami ce ta dama mana koko. Cikinta ya tsufa, da ƙyar take sunkuyawa, amma ta hana ni taɓa ludayi. Matar yayana Sani ce, mai sayar da nama a kasuwar Paraku. A gidansu na unguwar Ganu na sauka tun da aka turo ni daga matarniten Jugu, wato gidan haihuwa, inda nake taya ungozoma aiki. Lokacin ƙasar tana Dahome, ba a daɗe da samun mulkin kai ba.

Mu shida aka tara daga garuruwan arewa, a koya mana abin da ake yi in haihuwa ta zo da gardama. Mai koya mana Madam Selestin ce, babbar ungozomar asibiti, mutuniyar kudu. Akwai ta da faɗa, amma hannunta na da albarka. Ita ta duba Lami. Da ta ji ta zubar da jini a haihuwar baya, ta ce wannan karon ko da wasa kada ta haihu a gida.

Ranar darasin zubar jini ne. Ƙarfe tara ta kwantar da ɗayarmu a kan benci, ta nuna mana yadda ake murza mara har mahaifa ta yi tauri, da yadda ake sa jariri a nono nan take. Na tambaye ta, in jinin ya ƙi tsayawa fa? Ta ce wannan sai bayan azahar, in ta fito da safar hannu da allura.

Wajen goma da rabi muka ji kuwwa daga kasuwa. Da farko kamar ta biki. Sai dukan rufin kwano, sai fashewar gilashi. An kwana biyu ana ƙunƙuni, wai 'yan kudu sun cinye mulki da aikin gwamnati. Ban taɓa zaton maganar za ta shigo ɗakin haihuwa ba.

Masu tarzomar suka shigo asibiti da sanduna da adduna.

"'Yan kudu su fito!"

Muka tura Madam ɗakin ajiyar zannuwan gado, muka lulluɓe ta. Da ba su same ta ba, suka huce a kan kabad ɗin magani. Kwalaben allura suna ta ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalmansu. Na gane mutum ɗaya, maƙwabcin Yaya a layin mahauta. Bara Madam ta ciro wa matarsa 'yan biyu da rai. Na kira sunansa. Ya kau da kai.

Ana kiran azahar jandarma suka iso.

"Sortez! Vite! Ku fito, maza!"

Suka kwashi Madam da sauran ma'aikatan kudu a mota, sai tashar jirgin ƙasa. Ko takalmi babu a ƙafarta. Ta juyo ta ɗaga mana murya, ƙarar inji ta cinye maganar.

Na koma Ganu da gudu. Hayaƙi ta ko'ina, soja sun fara harbi. Na iske Lami dafe da bango, naƙuda ta taso. Yaya ya samo kamiyon wani mai fataucin shanu, babbar mota da za ta tafi Jugu. Na ce kada a ɗora ta a mota, an ce a asibiti za ta haihu.

"Wane asibiti?" in ji shi. "Wa ya rage a ciki?"

Ya ɗora mu, ni da ita da 'ya'yansu biyu. Shi ya tsaya gadin gida.

A bakin gada soja suka tare mu.

"Descendez! Kowa ƙasa!"

Ana kwance ƙunshin kaya ɗaya bayan ɗaya. Na nuna wa wani Lami tana murƙususu a gefen hanya. Ya nuna min layi da bakin bindiga. Sai la'asar suka sake mu.

Muna wuce garin Onkulu Lami ta kama hannuna.

"Rakiya, ya zo."

Shofar ya tsayar da mota a gindin wata kaɗanya. Matan motar suka kewaye mu da zannuwansu. Mace ce, ta fito da kukanta. Mabiyiya ta biyo, amma a yage. Sai jini.

Na murza mara. Na sa jaririya a nono. Mahaifa ta yi tauri, na ce alhamdu lillahi. Ta sake saki. Na sake murzawa. Zane ya jiƙe, aka ba ni wani, shi ma ya jiƙe. Na san akwai abin da ake yi a nan. Na san akwai. Abin da na sani ke nan. Na ci gaba da murzawa har hannuwana suka mutu.

Muka mayar da ita mota. Ta ce sanyi take ji, a cikin wannan zafi. Ta nemi ruwa. Ta tambaya ko yaran sun ci abinci.

Rana ta yi ja muka shiga Jugu. Matarnite a kulle. Ungozomarmu ma 'yar kudu ce, labari ya riga mu, ta gudu. Na buga ƙofar da na saba buɗewa kullum har tafina ya fashe. Lami ta cika a kan cinyata, a bakin dakali, kafin a kira magariba.

Ba a ci gaba da horon nan ba. Gwamnati ta faɗi, wata ta hau, ita ma ta faɗi, kowace ta ce sai baɗi. Gashi ya fara yi min fari kafin a sake kiranmu Paraku. Wata ungozoma ta sa safar hannu, ta nuna mana yadda ake shigar da hannu a share guntun mabiyiyar da ya maƙale, a bi da allura. Darasin bai kai lokacin dafa shinkafa ba. Na fita na zauna a waje. Ban iya komawa ciki ba har aka tashi.

Madam Selestin ba ta sake tako arewa ba. Lami ta bar 'ya'ya uku, autar a ɗakina ta girma, ni take kira Inna. In tsofaffi suna lissafa waɗanda rikicin nan ya ci, ba sa sa sunan Lami. Ba a sare ta ba, ba a harbe ta ba. Sai su ce, Allah ya jiƙanta, ai ita wajen haihuwa ta rasu.