Albasar da Baba Ya Shanya

Shekarar farko ta aurenmu a Nasarawa muka yi ta, cikin Birnin Kebbi, lokacin kowace takardar gwamnati sai an je Sakkwato. Na tashi da karatun ƙananan littattafan soyayya na kasuwa, inda saurayi ke tsayawa bakin rafi yana zuba wa budurwa kalamai har rana ta faɗi, na kuma ɗauka haka aure yake. Sai Allah ya haɗa ni da malamin kimiyya na sakandare, mutumin da in ya ce, “Zo ki ga abin mamaki,” to albasa zai nuna mini.

Yana digiri na biyu a jami’ar Sakkwato a kan yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, har abu mai rai ya ginu. So yake ya gano ko ruwan fadamar da ake fesa wa shinkafa magani yana dagula wannan rabuwa. Yakan ɗora albasa a bakin kofin gilashi, gindinta na taɓa ruwa, har ta fitar da fararen saiwoyi. Wasu kofunan ruwan famfo ne, wasu na fadamar Ambursa, wasu na gulbin Argungu. Sai ya yanki kan saiwar, ya rina shi, ya matse tsakanin gilasai biyu, ya duba a madubin ƙara girma, ya zana abin da ya gani. Madubin na makaranta ne, aronsa aka ba shi na hutun damina. Ranar komawa makaranta zai mayar, in kuwa bai gama ba, shekarar ta tafi a banza.

Saura ɗan lokaci hutun ya ƙare mahaifina ya zo daga Augie, da buhun albasa a matsayin tsaraba. Baba manomin albasa ne tun ƙuruciya. A wurinsa albasar da aka cire daga gona ba ta da maƙiyi kamar laima, shi ya sa yake ajiye tasa a rudu, wato gadon kara, can sama da ƙasa, yana kewaya ta kamar mai jinya.

Washegari Malam, wato maigidana, ya fita, ni kuma na shiga maƙwabta barkar haihuwa. Da na dawo sai na tarar da tabarma a tsakar gida, albasar bincike jere a kanta cikin rana, saiwoyin sun yi yaushi sun koma kamar zaren buhu. Kofunan an zubar da ruwansu, an kife su a tsanake. Baba na zaune gefe yana jan carbi, fuskarsa cike da jin daɗi.

Ya ce, “Ke, wa yas sa albasa ruwa? Ɗiyar Augie guda, kina kallo tana ruɓewa cikin ɗaki! Da ban zo ba hwa?”

Ina nan tsaye Malam ya shigo. Na ga idonsa ya sauka kan tabarmar, na ga leɓensa ya motsa. Amma suruki ba ya nuna wa uban matarsa kuskure. Sai ya cire takalmi ya durƙusa.

“Sannu da aiki, Baba. An gode, Allah ya ƙara girma.”

“Ba komi, Malam. Ku ’yan boko sai ana lura da ku.”

A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da namijin da ya burge ni kamar wannan da ke durƙushe yana godiya a kan aikinsa da aka shanya ba.

Ni ce na yi wa Baba bayani bayan azahar, a hankali, kaina a ƙasa. Can ya tashi ya kwance bakin buhun tsarabarsa, ya shiga zaɓe, yana danna kowace da babban yatsa.

Ya ce, “Ki ba shi waɗanga. In dai ruɓewa yaka so, su ruɓe da albarka.”

Albasa ta samu, amma ruwan Argungu ya ƙare. Da sassafe Malam ya ɗaura jarka a babur, ya ce in zo in riƙe masa ita. Haka na samu tafiyar da na daɗe ina mafarki: fadama kore shar hagu da dama, iska na wasa da mayafina, ga ni bayan wanda nake so. A bakin gulbi na jira kalamai. Shi kuwa ya nannaɗe wando ya shiga wani ɗan kududdufi, ya fito da kwalba ɗauke da ƙwan kwaɗo, baƙaƙen ɗigo jere cikin yauƙi kamar duwatsun wuya.

“Na kawo miki sarƙa, amarya.”

“Allah ya sawwaƙe! Matan wasu zinariya ake kai musu.”

“Zinariya ba ta zama kwaɗo. Wannan jibi za ki ga tana motsi.”

Baba ya fasa komawa Augie. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin kofuna, ya hana kaza wucewa, ya hana baƙo leƙawa. Kowace safiya sai ya duƙa ya duba gindin albasar ya kawo rahoto: “Malam, ta Ambursa tana nawa.” Da gaske kuwa saiwoyinta sun fi gajarta, Malam ya auna ya tabbatar.

Ranar ƙarshe ta hutu, da hantsi, Malam ya gama zanensa, ya roƙi Baba ya zo ya duba. Baba ya cire hula, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kanga ɗayan a madubin.

“Ɗakuna nika gani, jere kamar fangalin shinkafa.”

“Baba, a duba na tsakiya. Akwai zare-zare sun rabu, rabi ya yi nan, rabi ya yi can. Ɗaki ɗaya ne zai zama biyu.”

“Cikin albasata?”

“Cikin albasarku, Baba. Haka ƙwan kwaɗon can ya fara kafin ya yi wutsiya. Ɗan Adam ma haka yake farawa a cikin uwa.”

Na sunkuyar da kai na ja mayafi, domin a lokacin ina ɗauke da cikin fari, kuma ba abin da ’ya ke faɗa wa ubanta ba ne. Baba ya ɗago, ya dubi Malam, ya ɗan saci kallona, ya mayar da ido kan madubin yana tasbihi a hankali. Sai da wuyansa ya gaji ya tashi.

Washegari Malam ya naɗe madubin a zanena sabo, ya mayar makaranta. Aikinsa ya karɓu a Sakkwato, kuma da albasar Baba aka yi shi daga farko har ƙarshe. Da zai koma gida, Baba ya roƙi kofin gilashi ɗaya. Bayan na haihu na je wanka Augie, na tarar da kofin a zaurensa, albasa zaune a kai da farin gemunta cikin ruwa, abokansa manoma na yi masa tsiya wai tsufa ya fara taɓa shi.

Ya ce musu, “Ku dai ba ku gani ba. Surukina ya gwada min abin da ac ciki.”