Mariƙin Garkuwar Alkimos

Yayana Dorkon bai taɓa mallakar garkuwa ba, amma ita ta lanƙwasa masa baya. Mu bayin gona ne a ƙasar Sparta: mu noma sha'ir, iyayen gidanmu su ci su tafi yaƙi. Tun yana saurayi aka ba shi aikin ɗaukar wa maigida Alkimos garkuwa, har furfura ta same su tare. Sau ɗaya ma ya goyo shi daga fagen daga, jini na zuba.

Da yake mun fi su yawa nesa ba kusa ba, kowane mayaƙi in ya dawo gida sai ya cire mariƙin tagullar da ake zura hannu a bayan garkuwa, ya shige da shi ɗaki. Garkuwa ba mariƙi faranti ce kawai, bawa ba zai iya yaƙi da ita ba. Dorkon bai ɗauki wannan cin fuska ba. Ni kuwa na ɗauka, don ba ni da haƙurinsa.

Wata safiya ina niƙa a tsakar gida ya zo ya tsuguna kusa da ni, fuskarsa ta yi fari.

"Kilisa, maigida ya bar mariƙin a jikin garkuwarsa."

"Mantuwa ce ko tarko?"

"Wataƙila ya yarda da ni ne."

"Yarda? Yaya, da girmanka? Mutumin da ke cin abinci da mashi a gefensa? Ka yi kamar ba ka gani ba."

"In wani ya ɗauke ta fa? Wuyan wa za a nema?"

Garkuwar ta yi kwanaki jingine da bango, mariƙin na nan. Barci ya ƙaurace wa Dorkon. In maigida ya yi masa murmushi sai ya zo ya tambaye ni ma'anarsa, in ya ɗaure fuska ma haka. Ni kaina na fara zargin mai tatsar awaki, da matar da ke matse zaitun, ko su aka sa su zuba mana ido.

Daga ƙarshe ya gaji. Ya kwance mariƙin da hannunsa, ya durƙusa gaban Alkimos ya miƙa masa. Ina bakin dutsen niƙa, na ji komai.

"Ranka ya daɗe, ka manta wannan."

Maigida ya daɗe yana juya tagullar. Muryarsa ba faɗa a ciki.

"Fuskarta ce ke waje, Dorkon. Bayanta na kallon bango."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ashe kana dubawa. Kuma ka iya kwancewa. Ɗaurawar fa, ka iya?"

Wace amsa ce za ta ceci yayana?

Washegari aka aike shi da ƙunshin ɓaure zuwa gonar bayan dutse, ta hanyar da samarin iyayen gidanmu ke yawo da wuƙaƙe suna koyon yaƙi a kanmu. Ɓauren bai isa ba, shi ma bai dawo ba. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi, kuma ban san ko maigida mantawa ya yi da mariƙin ko tarko ya ɗana ba.

Garkuwar tana nan jingine, taku kaɗan daga dutsen niƙana. Jikan Alkimos ne ke da ita yanzu. Kullum nakan share ƙasan da ke kewaye da ita, kaina a sunkuye, ban taɓa leƙa bayanta ba.