Likitan Inji a Kamfanin Zinare

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injinan niƙa, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, kowa sai Likita. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bayan kasuwa, ƙasa duk baƙin mai, bango duk tsofaffin bel a rataye. Idan aka kawo masa inji, ba ya fara ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Boris ne ya lalace," ko "Faranti ya cinye." Da wuya a kwance a tarar da wani abu daban. Da wannan kunnen ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya kai uku jami'a.

Ƙanin matarsa ne ya kawo maganar zinare, wata Asabar da hantsi, riƙe da takarda mai sheƙi.

"Yaya, har yaushe za ka yi ta wanka da baƙin mai? Ga gwiwa ta fara yi maka gardama. Kamfani ne mai rajista, an auna dutsen, zinare na nan jibge."

Matar Likita ta leƙo daga kicin, ta dubi ƙaninta. "Kai da ko akuya ba ka taɓa kiwo ta haihu ba, yau kai ne mai nuna hanyar arziki?"

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna wa Likita. Bai yi garaje ba. Ya je ofishinsu, ya ga lasisi a bango, ya sa babbar 'yarsa ta karanta masa takardu layi-layi. Sannan ya sayar da injinansa biyu da yake bayarwa haya, ya haɗa da filin da ya ajiye don tsufa, ya sayi hannun jari.

Shekarar farko wasiƙa ta zo, wai ana gwaji. Ta biyu, wai an samu 'yar tangarɗa wajen sarrafa dutse, amma an shawo kanta. A ta uku aka gayyaci masu hannun jari su zo su gani da idonsu, domin ana son kowa ya ƙara kuɗi a faɗaɗa aiki.

Bas biyu aka cika. Aka raba musu hulunan kwano sababbi fil, aka miƙa wa kowa lemo mai sanyi. Manaja, wani mai farin takalmi da ko ƙura ba ta taɓa ba, ya shige gaba har wata rumfa mai tsawo, inda wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe take juyawa da ƙara kamar za ta tsaga kunne. Ya ɗaga murya ya ce a ciki ake niƙe dutse da ƙwallayen ƙarfe, dare da rana ba tsayawa. Mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto.

Likita dai ya karkata kai. Ƙarar ta yi kaifi da yawa. Injin da ke cin abu muryarsa a dushe take, wannan kuwa ƙarfe ne zalla yake dukan ƙarfe.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "gangar nan ba komai a cikinta."

Manaja ya yi murmushi irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro. "Baba, wannan fa ba injin markaɗen unguwa ba ne."

Aka bushe da dariya, har da ƙanin matarsa. Likita ya dubi lemon da ke hannunsa. Da kuɗinsa aka sayi lemon nan, da filinsa aka sayi farin takalmin nan, kuma shi ne abin dariya? Ya tsallake igiyar da aka gitta, ya nufi mai kula da injin, wani magidanci mai furfura da ke tsaye gaban makunnai.

"Ɗan'uwa, don girman Allah, yaushe rabon gangar nan da dutse?"

Mutumin ya dubi manaja, ya dubi ƙasa. "Wata bakwai," ya ce. "Yau da safe aka ce mu tayar."

Da ya fara, sai ya kasa tsayawa. Zinare akwai shi, in ji shi, amma a kulle yake cikin dutse mai farar wuta. Ko an niƙe shi ya zama gari, ruwan sinadarin da suke wanke shi da shi ba ya fitar da abin kirki. Sai an gina tanderun gasa dutsen, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin kamfanin. Tun shekarar farko injiniya ya rubuta musu haka, suka sallame shi.

Likita ya juyo wajen manaja. "Tun shekarar farko! Kun sani, kuka bar mu muna sayar da filaye! Yau kuma kun tara mu kuna kaɗa mana gangar banza, mu ƙara muku!"

Masu gadi biyu suka riƙo shi har bakin ƙofa, suka karɓe hular kwanon.

Abin da ya fi ci masa rai ya biyo baya. Cikin mako guda labari ya bazu, hannun jarin ya zama takardar ƙunsa gyaɗa. Sai ga ƙanin matarsa har gida, ko zama bai yi ba.

"Yaya, ka kashe mu! Da ka kama bakinka, ai da mun lallaɓa mun sayar wa wasu, mun tsira."

"Wasu su wa? Wani tsohon mai ciwon gwiwa irina?"

"Ina ruwanka da shi?"

Matar ce ta buɗe wa ƙaninta ƙofa da kanta, ta ce ya dawo ranar da ya samo kunya.

An kori mai kula da injin tun washegarin ziyarar. Likita ya nemo shi, ya ba shi benci a shago, yanzu tare suke kwance injinan mutane suna raba abin da ya samu. Kamfanin ya rufe. Manaja kuwa, an ce ya buɗe wani da sabon suna, wannan karon na kuza.

Likita ya kai ƙara hukumar da ke sa ido kan hannun jari. Shekara biyu ke nan, duk farkon wata yana hawa benen hukumar mai hawa uku da gwiwarsa, fayil a hammata, a ce masa ana bincike. Zuwansa na ƙarshe, akawun ya ɗago kai ya yi tsaki.

"Baba, kai ne kuma?"

"Ni ne," in ji Likita, ya jawo kujera ya zauna. "Kira mini mai gidanka. Yau ban buɗe shago ba, ina nan har sai na gan shi."