Wa Ya Gina Ajin?

Mai Fenti yana da wata ɗabi'a da matarsa ta yi faɗa a kanta har ta gaji: duk bangon da ya tsaya kusa da shi, sai ya sa farcen babban yatsa ya ɗan kankare shi. Ko a asibiti ne, ko gidan suruki, ko ofishin hukuma, ba ya fasawa. Ya kankara, ya dubi abin da ya maƙale a farcen, ya murza, ya hure. In bangon na kirki ne ya gyaɗa kai. In ba na kirki ba ne sai ya matsa gefe, ya jawo hannun wanda ke kusa da shi.

"Malam, wata rana sai an ɗaure ka a kan bangon mutane," in ji matar.

"Gaisawa kawai muke yi," in ji shi.

Rumfarsa tana bayan tashar mota. Gwangwanaye jere a kan katako, buroshi a tsome cikin kwalbar kananzir, igiyar jan layi a rataye da ƙullin garin alli. Shi ke rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, kuma in ƙaramar hukuma ta yi wani aiki, shi ake kira ya rubuta allon da za a kafa a gaba. Bai tara komai ba, bai kuma nemi na kowa ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu. A tsakanin gwangwanayen nan ta yi rarrafe, a jikin allunansa ta koyi baƙaƙe tun kafin a sa ta makaranta. Da ta girma ta zama malamar firamare, sai unguwa duka ta koma kiranta Malama, har da uban, shi da zolaya.

Shekarar da hukuma ta gina sababbin azuzuwa a makarantar da take koyarwa, aikin yana hannun shugaban sashen ayyuka. Mutumin yana auren ƙanwar Ciyaman na ƙaramar hukumar. A gaban idonsa ranka ya daɗe ake ce masa, a bayan idonsa kuwa Rabin Buhu, kuma birkiloli ne suka raɗa masa, su suka san dalili. Shi ya kira Mai Fenti ya rubuta allon aikin.

Ranar da aka kafa allon, Mai Fenti ya tsaya a jikin sabon aji, hannunsa ya yi abin da ya saba. Farcen ya nutse. Yashi ya zubo a kan takalminsa kamar an huda buhu.

"Ranka ya daɗe, bangon nan bai ƙoshi ba."

Rabin Buhu ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Baba, allo aka ce ka rubuta. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

Da ya koma gida ya ce wa 'yarsa kada ta jingina da bangon, kada ta bar yara su jingina. Ta ce, "Baba, kai da bango kamar ɗan sanda da ɓarawo." Uwar ta taya ta dariya. Shi ma ya yi.

Damina ta biyu aka yi ruwa mai yawa. Da hantsi, ana cikin darasi, Malama ta ji ginin yana ƙara. Ta kora yaran waje. Wani ƙarami ya firgita ya shige ƙarƙashin benci, ta koma ɗauko shi. Yaron yana nan da ransa, yana ɗan ɗingishi. Ita kuwa da shebur aka tono ta.

Ciyaman ya zo ta'aziyya da jerin motoci. Rabin Buhu yana cikin ayarin. Ya zauna a kan tabarmar Mai Fenti, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce ƙaddara ta riga fata. Mai Fenti ya shafa tare da kowa. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce tun da baƙin suka shigo har suka fita, farcensa yana cikin tabarmar, sai da ya huda ta. Buhunan abincin da suka sauke a ƙofar gida kuwa, nan suka zauna har awaki suka farka su.

'Yan sanda sun yi nasu, a faɗi gaskiya. Sun ɗauki hoto, sun ɗebi ɓaraguzan bulo, sun rubuta bayanin birkiloli da na Mai Fenti, suka miƙa wa lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara. Daga nan ne tafiya ta tsaya.

Lauyan mutum ne mai ladabi. Yakan tashi ya ba tsoho kujera, ya aiki masinja ya kawo ruwa. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne da fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa, da taga ɗaya mai kallon katangar sakatariyar ƙaramar hukuma a tsallaken titi.

"Baba, fayil yana sama."

Mai Fenti ya ɗaga kai ya dubi silin. "Ɗana, ginin nan ba bene ba ne."

"Ana nazari ne, Baba. Ka ƙara haƙuri."

Ya ƙara. A kan bencin baranda ya ga an shigo da ɓarawon akuya an fita da shi kotu a yini guda. Ya ga na wanda ya mari maƙwabci, ya ga na mai sayar da man fetur a jarka. Duk nasu bai je sama ba. Birkilolin da suka ba da bayani kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka samu aiki a hukuma, suka fara mantuwa.

Wata rana lauyan ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Baba, ba ni da shaida."

"Ga ni zaune."

"Farce ba shaida ba ne a kotu." Ya juya biro a hannunsa. "Wanda na gada a kujerar nan, ka san inda aka tura shi? Ni ma 'ya'ya gare ni."

"Allah ya raya su," in ji Mai Fenti. "A wace makaranta suke?"

Lauyan ya koma kan takardunsa. Tsohon ya tashi, ya tsaya a bakin taga, ya daɗe yana kallon katangar tsallaken titi kamar mai awo.

Ba a ɓoye ya yi ba. Da rana tsaka ya zo da tsaninsa da rigar aikinsa, kamar yadda aka saba ganinsa shekara da shekaru. Ya kankare farar katangar sakatariyar har ya tarar da siminti, don bango ya sha fenti da kyau. Ya buga igiyar alli, ya buɗe jan fentin mai, irin wanda yake rubuta bayan mota da shi, bai sirka ba.

Maigadin sakatariya ya matso. "Baba, aikin wa?"

"Na hukuma."

Maigadin ya dubi baƙaƙen farko, ya dubi ƙofar sakatariya. Jikarsa tana cikin yaran da aka kora waje ran nan. Ya kama ƙafar tsanin da hannu biyu. "Ni dai gilashina ya fashe, ba na ganin rubutu. Taka a hankali."

Kafin a tashi daga aiki rubutun ya kammala, kowane baƙi ya kai ƙirjin mutum, daidai saitin tagar lauya: WA YA GINA AJIN?

Washegari hukuma ta turo leburori suka shafe. Sai dai fentin hukuma daga sashen ayyuka yake fitowa, kuma wanda ya saba raba buhun siminti ba zai bar bokitin fenti ya wuce shi ba. Abin da suka shafa ruwa ne aka nuna masa fenti. Da ya bushe jan ya leƙo kamar jini a bandeji. Aka ƙara shafawa. Ruwan sama ɗaya ya wanke. Aka sake.

Mai Fenti ya daina zama a rumfa sosai. Ya samu wuri a bencin mai shayi da ke kallon katangar. In hadari ya haɗu, kowa na gudun neman mafaka, shi sai ya gyara zama. Ya ga motar Rabin Buhu ta koma shiga ta ƙofar baya. Ya ga an sa labule a tagar lauya. Abokan hirarsa sun ce tun rasuwar ba su ga haƙoransa ba sai ranar labulen.

"Malam, wannan ba zai dawo da ita ba," in ji matarsa, tana ajiye masa abincin da ba zai ci ba.

"Ban ce ya dawo da ita ba. So nake abinci ya riƙa tsaya musu a wuya."

"Kai ne dai naka ya tsaya."

Ta juya ta wuce. Amma ita ce ta wanke rigar aikin, ta ninke ta a inda zai gani.

Aka zo aka kama shi, laifin ɓata dukiyar hukuma. Wannan fayil ɗin bai je sama ba. Kafin mako ya zagayo an sa ranar shari'a. Maƙwabta suka zo beli, ya ce su koma gida. Ya aika matarsa ta kawo masa babbar rigarsa a goge. Ɗan sandan da ke tsaron ɗakin ya ce bai taɓa ganin wanda aka kulle yana walwala haka ba.

Lissafinsa a fili yake. Dole magatakarda ya karanta tuhuma, dole a faɗi abin da aka rubuta a bango. Alƙali zai tambaye shi ko shi ya rubuta, da dalili. Shi kuma zai miƙe ya ba da amsar tambayar, da cikakken sunan mutumin, na yanka da na uba, ba laƙabin birkiloli ba. A gaban jama'a, a shigar da shi littafin kotu, inda ba a shafa fenti. Bayan haka ko shekara nawa ne a ba shi. A cikin ɗakin tsaro ya yi ta maimaita sunan a hankali, don kada muryarsa ta yi rawa.

Kotu ta cika har waje. Iyayen yara sun zo, maigadi ya zo, yaron mai ɗingishi yana kan cinyar uwarsa. Aka kira ƙara. Magatakarda ya ɗauki takarda, ya gyara murya.

Lauyan gwamnati ya miƙe kafin a karanta kalma ɗaya. Bai dubi inda tsohon yake ba.

"Ya mai shari'a, saboda shekarun wanda ake tuhuma, da kuma rashin da ya yi, gwamnati ta janye wannan ƙara."

"An sallame shi," in ji alƙali.

Mai Fenti ya riƙe katakon gabansa. "Ranka ya daɗe, ni na rubuta. Da hannuna. A karanta."

"An sallame ka, Baba. Ka tafi gida."

"Na amsa laifi! A tuhume ni!"

"Ƙara ta gaba."

'Yan sanda biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga katakon. Ya faɗi sunan a bakin ƙofa, da ƙarfi, amma hayaniyar masu murna ta danne shi, magatakarda kuma ya riga ya juya shafi. A waje mutane suka yi ta yi masa barka da arziki. Matarsa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta karɓi hularsa da ta faɗi, ta kakkaɓe.

Daga ranar ne tsufa ya sauko masa gaba ɗaya. Shekaru suka ɗan tura. Aka ƙara wa lauyan girma, ya tafi. Wanda ya zo bayansa ya buɗe kabad ya rufe, ya ce bai tarar da wani fayil mai kama da wannan ba. Ciyaman ya hau gaba, kujerarsa kuma ta faɗa hannun mijin ƙanwarsa. An lulluɓe katangar da hotunansa yana murmushi. Damina ta ɓare su, jan yana nan a ƙarƙashi.

Wata safiya Mai Fenti ya sauko da tsani daga rataya. Hannunsa ya fara rawa a lokacin, ko kofi sai da hannu biyu.

"Ina kuma?" in ji matar.

"Na bar tambaya a titi ba amsa. Ba kyau."

"Za su kashe ka."

"Sun makara."

Ta dube shi, ta dubi tsanin. Sannan ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta ɗauki gwangwanin jan fenti. "Wuce mu je. Wa zai riƙe maka tsanin?"

An canza maigadi, sabon yana ciki yana sauraron rediyo. Tsohon ya kankare wani dogon fili a ƙarƙashin tambayar. Ya riƙe bakin igiya, ta riƙe ɗaya, suka buga layin sama da na ƙasa. Ya auna faɗin sunan da tafin hannu, ya ga zai shiga. Ya hau tsanin, ya tsoma buroshi, ya tallafi hannun dama da na hagu. Baƙin farko ya ɗauke shi lokacin da a dā zai gama allo guda, amma ya fita tsaf, ba ɗigo.

Ya ɗaga hannu zai fara na biyu, sai ya tsaya. Ya sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da katangar hukuma, shi da bai taɓa ba bango bayansa ba sai ya gwada shi.

"Rufe gwangwanin," ya ce, "kada ya sha iska. Bari in ɗan huta."

Mai shayi da wani direba suka kai shi gida. Bai sake tashi ba.

Hukuma ta turo an shafe, da fentin da ta saba. Mai wucewa bayan ruwa yana iya karanta tambayar, da baƙi ɗaya a ƙarƙashinta, da dogon fili a gaba wanda ya fi sauran katangar santsi. A gida, tsanin yana jingine a zaure. Wani mai fenti ya taya shi, matar ta ce ba na sayarwa ba ne. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadonta a rufe ruf, takan fito da shi lokaci zuwa lokaci ta girgiza, ta kara kunne ta ji ko da sauran motsi a ciki.