Ƙasan Benen Hajiya

Ina cikin shekarata ta biyu a Jidda, ina aikin zanen gine-gine a wani ƙaramin ofishi, aka turo mini wata dattijuwa, saboda ni kaɗai ne mai jin Hausa a wurin. Ba don Larabci yana mata wuya ba, a nan aka haife ta, iyayenta Hausawa ne da suka zo daga Sudan. Ta dai ce maganar gida da Hausa take son yin ta.

Tana da fili a unguwar Sa'alaba wanda mijinta ya bar mata, da tsohon gida a kai da danshi ya ci gindinsa. So take a rushe a tayar da bene mai shaƙƙa shida, wato sassa shida, kowane da ƙofarsa da kicin ɗinsa. Huɗu na 'ya'yanta huɗu, ɗaya na ƙanwarta da mijinta ya rasu, ɗaya nata. Nata kuma a ƙasa take so, don gwiwoyinta sun gaji.

Na je na auna filin. Siriri ne, fuskarsa a titi ba ta da faɗi. Da na dawo na buɗe ƙa'idojin gini, sai lissafin ya ƙi. Kowace shaƙƙa sai an ware mata wurin ajiye mota a cikin filin. Idan aka cire matakala da lif da hanyar shiga, mota huɗu kawai wurin zai ɗauka, kuma sai an ba su ƙasan gaba ɗaya.

Da ta dawo na shimfiɗa mata takardar a tebur, na nuna mata da bakin biro.

"Hajiya, nan duka na motoci ne. Gidajen daga hawa na ɗaya za su fara, kuma huɗu za a yarda a yi."

Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta ce, "Motocin wa, ɗana?"

"Na mutanen gidan."

"Wallahi ba mu da mota. Babban, motar kamfani ke kwasarsu zuwa aiki a Madinar Masana'antu, can unguwar kamfanoni. Mai bi masa direba ne a unguwar Abhur, motar a gidan maigidansa take kwana. Matan kuwa bas suke shiga, ga tasha nan a bakin titinmu. Kai ba ka gan ta ba?"

Na gan ta. A nan na sauka ranar da na je awo.

Na taɓa karantawa cewa a wasu biranen duniya an janye wannan sharaɗi ga gidajen da ke kusa da tashar bas ko jirgin ƙasa, mai fili shi zai duba ko yana bukatar wurin mota ko ba ya bukata. Na kai maganar wurin shugaban ofishinmu, wanda ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Ya saurare ni har na gama.

"Yau ba su da mota," in ji shi. "Gobe fa? Ka dubi titin nasu da kyau, motoci hagu da dama, ko motar shara da ƙyar take wucewa. Kuma a watan zafi wa zai tsaya jiran bas in yana da hali? Mu ba mu muke rubuta doka ba. Zana huɗu, halas, magana ta ƙare."

Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Duk da haka na ɓata kwana uku ina juya zanen. Na jera motoci biyu biyu, wata a bayan wata, aka ce ba za a ƙirga ta bayan ba. Na matse matakala, ta gaza faɗin da ake bukata. A ƙarshe na zana huɗu.

Abin da ya rage shi ne a san wa zai shiga, wa zai fita. Wannan ba a gabana aka yi ba. Babban ɗan ne ya ba ni labari da ya zo sa hannu. Ya ce uwar ta tara su bayan sallar Juma'a, ta faɗi yadda abin yake. Ƙanwarta ta ce ita ɗaki ɗaya ya ishe ta a sashen yayarta. Aka koma saura mutum ɗaya da zai rasa wuri. Sai autar ta ce ita da mijinta za su nemi haya, tunda ba su da yara da yawa. Ya faɗi wannan yana duba wayarsa, rabi da Hausa rabi da Larabci, ya sa hannu ya tafi.

Ginin ya ɗauki fiye da shekara. Gab da ƙarewar kwantiragina na bi ta wurin don in duba wata tsaga da suka ce ta fito a bango. Ba wata babba ba ce, ta filasta ce. Ƙasan benen yana nan yadda na zana shi, ginshiƙai da layukan fenti. Mota ɗaya ce a ciki, ta maƙwabci, wanda ya roƙi a bar shi ya riƙa ajiyewa. A sauran wurin an shimfiɗa darduma, Hajiya da ƙanwarta suna zaune suna tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, a faranti. Hajiya ta ce kullum bayan la'asar nan suke saukowa, sama ba a ganin kowa.

Na tambaye ta labarin autar. Ta ce suna can kudu, wata unguwa da bas ba ta shiga, har mijin ya sayi tsohuwar mota don zuwa aiki. Ranar Juma'a suke zuwa.

Ta sa aka kawo mini shayi. Ina sha ta nuna rufin da ke samanmu, ta ce ko za a iya maƙala fanka a nan ba tare da an taɓa ƙarfen ginin ba. Na tashi na duba, na nemi alli na yi alama a wuri biyu, na ce ta nuna wa mai gyaran wuta idan ya zo.